Wa Zai Biya Akwatin da Ya Fashe a Hannun Kamfanin Jirgi?

Duk wanda ya karɓi kayan mutum, ya auna su, ya karɓi kuɗin dakonsu, sannan ya ba da takardar shaida, to ya ɗauki amana, kuma idan kayan suka lalace a hannunsa shi ne zai biya. Wannan magana ba ta buƙatar lauya a tashar Jabi ko ta Utako da ke Abuja, inda idan buhun mutum ya yage a bayan mota ko kwalinsa ya jiƙe, ana kai ƙara gaban shugabannin tasha, a kira direba da ɗan kamasho, a yi ja-in-ja a sasanta kafin rana ta faɗi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, da zarar mutumin nan ya bar tasha ya kama titin filin jirgi, ya wuce Lugbe, ya biya kuɗin tikitin da ya ninka na mota sau da yawa, sai haƙƙin da kowa ya sani ya koma abin roƙo. Ra'ayina shi ne ba rashin doka ke cutar fasinjan Najeriya ba, domin dokar tana nan kuma tana bayansa. Abin da ke cutarsa shi ne an ɗora masa nauyin sanin dokar shi kaɗai, alhali kamfanin da ya san ta ciki da bai yana da riba a cikin yin shiru.

A ranar 28 ga Mayu 1999 ƙasashen duniya suka rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Montreal na ƙasar Kanada, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2003, domin ta maye gurbin tsohuwar yarjejeniyar Warsaw ta 1929. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta shigar da ita cikin Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, ta sake tabbatar da ita a dokar 2022, har ma ta shimfiɗa ƙa'idojinta, da 'yan gyare-gyare, a kan tafiye-tafiyen cikin gida, ta yadda mai tashi daga Abuja zuwa Legas da mai zuwa Jidda duk suna ƙarƙashin inuwa guda. Sashe na 17 na yarjejeniyar ya ce idan kayan da aka miƙa wa kamfani a wurin awo suka ɓace, ko suka lalace, a cikin jirgi ko a kowane lokaci da suke hannun kamfanin, alhakin yana wuyansa. Ba a ce sai fasinja ya kawo hujjar cewa an yi sakaci ba, ba a ce sai ya nuna wanda ya jefar da akwatin ba. Ya isa ya nuna cewa ya ba da kaya lafiya, an mayar masa da su a lalace. Ƙofar da aka bar wa kamfani ita ce ya tabbatar da cewa ɓarnar ta samo asali ne daga aibin da ke jikin kayan tun farko, ko kuma daga sakacin fasinjan da kansa. Kayan hannu kuwa, wato waɗanda mutum ya shiga da su cikin jirgi, hukuncinsu daban ne, domin suna gabansa, saboda haka kamfani ba ya biya sai an samu laifinsa ko na ma'aikatansa.

A takarda, wannan doka ce mai tausaya wa fasinja. A zauren karɓar kaya na filin jirgin Nnamdi Azikiwe kuwa, labarin yakan sha bamban. Na taɓa tsayawa kusa da wata dattijuwa da ɗanta bayan saukar wani jirgi da ya iso da dare daga ƙasar waje. Akwatinta ya fito a kan bel yana tangaɗi, taya ɗaya ta cire gaba ɗaya, kusurwarsa ta tsage har ana hango bakin wani farin yadi, kuma an naɗe tsagar da salatif mai kauri, alamar cewa wani ma'aikaci ya ga ɓarnar a can ciki ya rufe ta. Ɗan ya ja akwatin zuwa wurin wani jami'in kamfanin da ke riƙe da oba-oba, ya nuna masa. Jami'in ya duƙa, ya latsa wurin da yatsa, ya miƙe ya ce ai taya da mariƙi ba sa cikin abin da kamfani ke biya, kuma wanda ke da alhakin rubuta rahoto ya tashi, sai dai a dawo gobe. Na ce wa saurayin, "Malam, kada ku fita sai an rubuta muku takarda." Ya dubi agogonsa, ya dubi mahaifiyarsa da ta jingina da tiroli don gajiya, ya ce, "Umma, dare ya yi, direba yana jira tun ɗazu, mu bar su da Allah." Ta ce, "To, tunda mun sauka lafiya ai shi ke nan." Suka ɗora akwatin a karkace suka bi ta gaban jami'an kwastan suka fice.

Ban ga laifinsu ba, amma a wannan fitar da suka yi ne haƙƙinsu ya yi rauni, kuma jami'in ya san haka. Sashe na 31 na yarjejeniyar ya ce idan mutum ya karɓi kayansa bai yi ƙorafi ba, ana ɗaukar hakan a matsayin shaidar farko cewa kayan sun iso lafiya. Ya kuma ce, a tafiyar ƙasa da ƙasa, wanda aka lalata wa kaya dole ya kai kuka a rubuce cikin kwana 7 daga ranar da ya karɓe su, wanda kayansa suka yi jinkiri kuma yana da kwana 21 daga ranar da suka iso hannunsa. Idan wa'adin ya wuce, ƙofar ƙara ta rufe, sai fa idan kamfanin ya yi zamba. Saboda haka kalmar "dawo gobe" ba ƙaramin makami ba ce. Daga filin jirgi zuwa tsakiyar Abuja tafiyar kimanin kilomita 40 ce, kuma da yawa daga cikin masu sauka a nan ba mazauna birnin ba ne, washegari da asuba sun kama hanyar Jos, ko Lafiya, ko Minna, ko Kaduna. Wanda ya isa gida, 'yan sannu da zuwa suka cika masa zaure, ba zai tuna da akwati ba sai mako ya zagayo, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe.

Akwai takardar da ma'aikatan jirage ke kira PIR, wato rahoton ɓarna ko ɓatan kaya, wadda ake cikewa a nan zauren kafin a fita. Ana rubuta lambar jirgi, da lambar 'yar takardar nan mai zane-zane da ake liƙa wa mutum a bayan takardar shiga jirgi lokacin awo, da irin ɓarnar, sannan a ba shi lambar fayil. Mutane da yawa suna yar da wannan 'yar takarda tun a cikin jirgi, ba su san ita ce rasit ɗin amanarsu ba. Mai hankali ba zai tsaya a kan rahoton kaɗai ba, domin kamfanoni da dama suna ɗaukarsa a matsayin sanarwa ce kawai, ba neman diyya ba. Sai ya bi shi da wasiƙa ko imel kafin kwana bakwai ɗin su cika, ya haɗa da hotunan akwatin, ya faɗi abin da ya lalace da kuɗin da yake nema, ya kuma ajiye shaidar ranar da ya aika. Wannan shawara ce mai kyau, kuma ina bayar da ita, amma ina so a lura da abin da take nufi: dattijuwar da ba ta karanta Turanci, wadda ta kwana a zaune, ita ake so ta san duk wannan, alhali kamfanin da ke da lauyoyi ba a tilasta masa ya kafa ko da allo guda a gefen bel da zai gaya mata ba.

Maganar cewa taya da mariƙi da zik ba sa cikin abin biya ita ce ta fi yawa a bakin jami'an kamfanoni, kuma ita ce ta fi rashin tushe. Gaskiya ne ba wanda zai biya ƙurjewa ko datti, domin aikin akwati ke nan, ya sha wuya don kayan ciki su tsira. Amma akwatin da tayarsa ta cire ya tashi daga aiki, kuma yarjejeniyar ba ta ware wani ɓangare na akwati ta ce wannan ba kaya ba ne. Sashe na 26 ma ya faɗa ƙarara cewa duk wani sharaɗi da kamfani ya rubuta a tikiti domin ya sauke wa kansa alhaki, ko ya rage iyakar diyyar da aka gindaya, ɓatacce ne. A 2015 ma'aikatar sufuri ta Amurka ta fitar da sanarwa tana tunatar da kamfanonin jirage cewa wajibi ne su biya ɓarnar taya da mariƙi da zik da madauri matuƙar ta wuce tsufa na yau da kullum, bayan jami'anta sun gano cewa kamfanoni suna ƙin karɓar irin wannan ƙorafi a filayen jirage. Kamfanonin da ke sauka a can su ne wasu daga cikin masu sauka a Abuja, kuma babu dalilin da zai sa abin da ya zama haƙƙi a can ya zama alfarma a nan.

Haka kuma takardar da ake miƙo wa mutum ya sa hannu a wurin awo, idan an ga kwali ko buhu ko kaya masu saurin fashewa, a ce masa kamfani ya wanke hannunsa. Mutanenmu suna sa hannu ba tare da sun karanta ba, domin layi ya yi tsawo kuma ana kiran jirgi. Takardar tana da amfani ga kamfani wajen nuna cewa kayan suna da rauni tun asali, ko ɗaurinsu bai yi kyau ba, kuma idan tangaran ya fashe a cikin kwalin da ba a cusa masa komai ba, da wuya mai shi ya ci nasara. Sai dai ba ta zama lasisin wulaƙanta kaya ba. Idan kwalin ya ɓace ɗungurungum, ko aka bar shi a filin sauka ruwan sama ya dake shi, ko motar kaya ta bi ta kansa, sa hannun bai shafe alhakin ba, domin ba raunin kayan ne ya jawo ɓarnar ba.

Wani uzurin da ake yawan kawowa shi ne ba ma'aikatan kamfanin ne ke loda kaya ba. Wannan gaskiya ce. A filayen jiragenmu kamfanonin hidimar ƙasa irin su NAHCO da SAHCO ne ke ɗora kaya da sauke su, bel ɗin da ke juyawa kuma yana ƙarƙashin hukumar filayen jirage, wato FAAN. Amma fasinja bai ƙulla ciniki da ko ɗaya daga cikinsu ba, bai zaɓe su ba, bai ma san sunan wanda aka ba aikin jirginsa ba. Kamfanin jirgi ne ya ɗauke su aiki, kuma yarjejeniyar ta bar masa damar ya biya fasinja sannan ya juya ya nemi kuɗinsa a wurin wanda ya yi ɓarnar. Idan tafiyar ta haɗa kamfanonin jirage biyu a tikiti ɗaya, misali an tashi daga Santambul ko Alƙahira aka canja jirgi a wani gari, sashe na 36 ya ba fasinja damar ya kama kamfanin farko ko na ƙarshe, don kada a riƙa yi masa jeka-ka-dawo tsakanin ofisoshi biyu, kowanne yana nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Batun nawa za a biya shi ne inda nake ganin matafiyanmu suka fi yaudarar kansu, kuma a nan dole a faɗa musu gaskiya. Diyyar tana da iyaka. Ana lissafa ta da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wanda darajarsa ke fitowa daga dala da yuro da fam da yen na Japan da yuwan na Sin. Da farko iyakar SDR 1,000 ce, aka ɗaga ta zuwa 1,131 a 2009, zuwa 1,288 a 2019, sannan zuwa 1,519 daga 28 ga Disamban 2024, wato kimanin dala 2,000. A tafiyar cikin gida kuwa dokar Najeriya ta tsayar da dala 1,000. Wannan adadi ba kyauta ba ce da ake miƙa wa duk wanda akwatinsa ya fashe, rufi ne da ba a wucewa, kuma a ƙarƙashinsa mutum yana samun gwargwadon asarar da ya iya nunawa. Abu mafi muhimmanci, iyakar ta kowane fasinja ce, ba ta kowane akwati ba. 'Yar kasuwar da ta saro leshi da shadda da abaya a Dubai, ta biya kuɗin ƙarin jakunkuna biyar, idan duka biyar ɗin suka salwanta, rufinta ɗaya ne da na wanda ya ba da jaka guda. Haka uban da ya haɗo lefen ɗansa a akwati.

Dokar ta ba da mafita, sai dai kusan ba wanda ake gaya wa. Mutum yana iya bayyana darajar kayansa a wurin awo, ya biya ƙarin kuɗi idan an nema, daga nan kamfani ya zama mai lamunin adadin da aka bayyana. Ban taɓa jin ma'aikacin kanta ya tambayi fasinja ko yana son yin haka ba, alhali ba sa mantuwa da tambayar kuɗin kilo ɗayan da ya ɗara. Akwai kuma yanayin da iyakar take faɗuwa gaba ɗaya, wato idan aka tabbatar da cewa kamfani ko ma'aikatansa, a bakin aikinsu, sun yi ɓarnar da gangan, ko da ganganci suna sane da cewa ɓarna za ta iya biyo baya. Akwatin da aka farke da reza aka zare kaya ya fi kusa da wannan babi, ko da yake tabbatar da shi a gaban alƙali aiki ne ja.

Sai matsalar rasit, wadda ta fi damuna saboda ta shafi yadda muke rayuwa. Kamfani zai ce a kawo takardar sayen akwatin da ta kowane abu da ke cikinsa, sannan ya zaftare wani kaso da sunan tsufa. Wanda ya sayi akwatinsa a kasuwar Wuse, ko turmin atamfa a Kantin Kwari, ko ya kai ɗinki wurin telansa na unguwa, wane rasit yake da shi? Cinikinmu na baki ne, a taya a sallama a miƙa kuɗi. Yarjejeniyar ba ta ce rasit ne kaɗai hujja ba, abin da ake bukata shi ne a nuna asara. Hoton kaya kafin a rufe akwati, da saƙon banki na ranar da aka biya, da ƙiyasin mai sayar da irin kayan, da nauyin da kamfanin da kansa ya rubuta lokacin awo, duk hujjoji ne da mai neman gaskiya zai karɓa. Kamfanin da ya zo yin kasuwanci a ƙasar da yawancin ciniki ba ya da takarda, ya karɓi kuɗin mutanenta bai tambaye su rasit ba, bai kamata ya mayar da rashin rasit ya zama katangar da yake fakewa a bayanta ranar biya ba.

Kamfanonin ma suna da abin faɗa, kuma ba duka ne shirme ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna cusa kaya a akwati har sai mutum biyu sun hau kansa kafin zik ya rufe, sannan mu yi mamaki idan ya fashe. Muna sayen akwati mai arha wanda robarsa ba ta jure faɗuwa ɗaya. Muna ɗaure manja ko man shanu ko zuma a galan mai sakwarkwataccen murfi, ya tsiyaye a cikin jirgi ya ɓata kayan bayin Allah, kuma abin lura a nan shi ne wanda manjan wani ya ɓata wa shadda yana da haƙƙi a kan kamfani, domin a hannunsa abin ya faru. A ƙarshen 2023 kamfanin jirgin Habasha ya hana karɓar jakar Gana-mas-go daga fasinjojinsa na Najeriya, yana mai cewa tana maƙalewa tana lalata bel, kuma duk wanda ya ga yadda ake cika jakar nan ta zama ƙwallo ya san ba ƙarya aka yi mata ba. Akwai kuma masu kawo tsohon akwati fasasshe su ce a jirgi ya fashe, da masu sa gwal da kuɗi da kwamfuta a kayan awo, abin da bai kamata ya bar hannunsu ba.

Amma duk waɗannan dalilai ne na a bincika, ba na a ƙi saurare ba. Maganin mai ƙarya yana da sauƙi a zamanin da ake ciki: a ɗauki hoton kowane akwati a wurin awo, a rubuta aibin da aka gani a jikinsa kafin a karɓa. Tun watan Yunin 2018 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta wajabta wa mambobinta bin sawun kowace jaka a wurare huɗu: lokacin karɓa, lokacin lodawa a jirgi, lokacin canja jirgi, da lokacin mayar wa mai ita. Wanda ke iya sanin inda jaka take a kowane mataki yana iya sanin halin da take ciki idan ya so. Kuma ba a ce matsalar ta fi ƙarfin aljihunsu ba. Kamfanin SITA, mai tattara alƙaluman kaya a duniya, ya ce a 2023 an samu tangarɗa a jaka 6.9 cikin kowane fasinja 1,000, kuma kashi 18 cikin ɗari na waɗannan ne suka lalace ko aka yi sata a cikinsu. Idan aka buga lissafi, jaka ɗaya ce da 'yan kai a cikin fasinja dubu. Kamfanin da ba zai iya gyara ko maye akwati ɗaya cikin kuɗin tikiti dubu ba, matsalarsa ta wuce ta akwati.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja, da jami'ai a manyan filayen jirage, da shafin intanet na karɓar ƙorafi, kuma a 'yan shekarun nan ta fi da ɗaga murya. Kashi na 19 na ƙa'idojinta na 2023 ya tanadi cewa wanda jakarsa ba ta iso tare da shi ba a ba shi kuɗin biyan buƙatun gaggawa, naira 10,000 a tafiyar cikin gida, dala 170 a ta ƙasashen waje. Na yaba da tanadin, amma naira dubu goma ba ta kai mutum daga filin jirgi zuwa Gwarimpa a tasi, balle ta saya masa riga da wando, kuma adadin da aka rubuta da naira a lokacin da darajarta ke zubewa ya kamata a riƙa sabunta shi. Ban da wannan, yawancin waɗanda suka cancanci kuɗin ba su san da shi ba, kuma kamfani ba ya kiran mutum ya ce zo ka karɓa.

Kotu tana nan ga wanda ya ga zai iya, kuma yarjejeniyar ta ba shi shekara 2 ya shigar da ƙara. Amma kowa ya san abin da hakan ke nufi. Shari'ar wata ɗaliba 'yar Najeriya da kamfanin Emirates ya hana hawa jirgi a Disamban 2007 ba ta kai ga hukuncin Kotun Ƙoli ba sai a 2019. Ta yi nasara, amma wane ne zai ɗauki lauya ya yi ta zarya a Babbar Kotun Tarayya shekara da shekaru a kan akwatin naira dubu tamanin? Kamfanoni sun san babu, kuma a kan wannan sanin suke gina halayyarsu. Kowane ƙorafi shi kaɗai ƙarami ne, bai kai a yi faɗa a kansa ba, amma idan aka tara dubbansu a shekara kuɗi ne mai kauri da ya tsaya a aljihun wanda ya yi ɓarna. Haƙurin da muke yi, wanda hali ne mai kyau a tsakanin maƙwabta, a nan ya zama tallafi da talaka ke bai wa kamfani. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana mutum karɓar bashinsa ba, kuma wanda ya yafe bayan ya san haƙƙinsa daban yake da wanda aka gajiyar har ya haƙura.

Saboda haka nake ganin gyaran ba a hannun fasinja yake ba, ko da an yi ta wayar masa da kai. Kamata ya yi NCAA ta wajabta wa kowane kamfani ya ajiye ma'aikaci mai ikon rubuta rahoto a gefen bel har sai jakar ƙarshe ta fita, ko da jirgin ƙarfe biyun dare ne ya sauka, kuma idan ba a samu kowa ba, jami'in hukumar ya rubuta, a ɗauki takardarsa a matsayin ƙorafin da ya shiga a kan lokaci. A kafa allo da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci mai ɗauke da wa'adin kwana bakwai, a kuma faɗe shi da lasifika kafin jirgi ya sauka, tunda ana samun lokacin tallan katin rangwame. Ƙananan ɓarna, irin taya da mariƙi da tsagewa, a yanke musu hukunci nan take: ko gyara cikin 'yan kwanaki, ko sabon akwati, ko kuɗi, ba tare da imel ya tafi hedikwata a wata ƙasa ya kwana wata uku ba. Abin da na fi ba muhimmanci kuwa shi ne hukumar ta riƙa wallafa, kamfani bayan kamfani, yawan ƙorafin kaya da aka kawo, da nawa aka biya, da tsawon lokacin da biyan ya ɗauka. Tara tana da zafi, amma kamfanin jirgi ya fi tsoron ranar da mai sayen tikiti zai duba jadawali ya ga sunansa a ƙasa.

Akwai rukuni guda da ya fi kowa buƙatar wannan kariya, wato alhazai da masu Umara. Da yawansu wannan ce tafiyarsu ta farko a jirgi, kuma wataƙila ta ƙarshe, tsarabar da ke cikin jakarsu kuwa guzurin shekaru ce. A lokuta da dama manyan jakunkunansu ba a filin jirgi suke karɓa ba, sai daga baya a sansanin alhazai ko a ofishin hukumar jiha, inda babu wakilin kamfanin jirgi ko ɗaya, kuma kwana bakwai ɗin suna fara ƙirguwa ne daga ranar da jakar ta shiga hannunsu. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke tantance kamfanonin da ke jigilar, saboda haka tana da ƙarfin da alhaji ɗaya daga ƙauye ba shi da shi. Tana iya sa sharaɗi a kwangila cewa duk inda ake rabon jakunkuna sai an ga ma'aikacin kamfani zaune da takardun rahoto, malaman bita kuma su ƙara minti biyar a kan darasinsu su nuna wa maniyyata 'yar takardar da ba a yarwa.